Shayin Sulhu

Shafi na 19

Masu zagin Auta a ƙarƙashin shafin da ya wuce, na gan ku ɗaya bayan ɗaya. Har da mai cewa in na bar shi ya tsira ta daina karanta ni. To ki gyara zama, 'yar'uwa, yau za ki nemi yafiyarsa. Sababbin shigowa kuma ga inda muke: ƙaramin jirgin saman Kyaftin, mijin Malama, ya kauce daga titi yana gudun tashi, ya afka ramin da ke gefen fili. Kyaftin ya tsira da karaya a ƙafa, jirgi kuwa ya tashi aiki. Yau da la'asar jami'ar bincike za ta zo gida ta ɗauki bayaninsa.

*

Malama ta ce abinci ta kai wa ƙanenta Auta rumfar jirage, amma ita ma ta san abincin hujja ce kawai. Tun ranar da jirgin mijinta ya faɗi Auta ya ɗauke ƙafa daga gidanta, Autan da a da sai an ɓoye masa tukunya. In ta kira shi a waya ya ce yana aiki. Wane aiki? Jirgi ɗaya tak yake gyarawa a filin nan, ga shi can ƙuryar rumfa an lulluɓe shi da tamfol, fiffike a karye, farfela a lanƙwashe kamar cokalin da yara suka yi wasa da shi.

Ta same shi zaune kan tsohuwar taya yana goge sifanar da ba ta da datti.

"Sannu da aiki, babban injiniya."

Ya miƙe a firgice. "Yaya! Ai da kin aiko."

"In aiko wa? Kai da ka mayar da gidana ofishin 'yan sanda."

Ta ajiye kwanon a kan teburin aiki ta tsaya tana ƙare masa kallo. Wuyansa ya yi tsawo, rigar aikin ta yi masa yawa.

"Auta, ni na goye ka. Dube ni."

Ya dube ta, ya sake sunkuyar da kai.

"Ana ta cewa kai ka taɓa igiyoyin wutsiyar jirgin nan ana gobe zai tashi. Kai ne?"

"Na taɓa su, amma ba su ba ne. Masu bincike sun gwada su a gabana, lafiyarsu ƙalau."

"To mene ne?"

"Ai Kyaftin ya faɗa miki."

"Ya ce ƙafarsa ta dama ce ta mutu masa yana tsakar gudu a titi." Ta yi tsaki. "Mutumin da ke rigan matasa hawa bene. Ni da ke wanke masa safa ban taɓa jin ya ce ko ɗan yatsa ya yi masa tsami ba, sai ranar?"

Auta ya ci gaba da goge sifanarsa.

"In ya maimaita wa matar nan haka yau, me zai biyo baya?"

Ya ajiye sifanar. "Za ta miƙa wa likitocinsu. Matuƙin da ƙafa ke mutu masa ba gargaɗi, ba a sake ba shi jirgi."

"Na wata nawa?"

"Ba na wata ba ne, Yaya. Lasisin ya tafi ke nan."

Ta sani tun kafin ta tambaya, amma jin sa daga bakin wani ya fi zafi. Kyaftin fa! Mutumin da ko yana tsakiyar magana da baƙi, in ya ji ƙarar jirgi sai ya ɗaga kai ya gaya maka irin injin. A raba wannan da sama, to a ajiye shi a ina?

"Ci abincinka," ta ce. "Au, na manta cokali. Ina naka?"

Ta nufi akwatin kayan aikinsa mai durowoyi, inda ta san yana ajiye kofi da cokali.

"Kar ki buɗe ta ƙasa!"

Wallahi ta sama ta nufa. Amma matar da ta ƙare ƙuruciyarta a aji, yaro ya ce mata kar ki duba jakata, ai ya gama nuna mata inda za ta duba. Ta sunkuya ta ja ta ƙasan.

Wani abu ne naɗe cikin tsumman mai. Ta warware shi.

Filas ɗin shayi, na ƙarfe, shuɗi, da ɗan jan zare a hannunsa wanda ita ta ɗaura don kar a yi masa musanya a ofis. Cikinsa ya lotsa sosai daga gefe guda, fenti ya ɓare a wurin. Toshinsa na nan, amma murfin da ake shan shayi da shi babu.

Sai na tsaya na gaya muku labarin filas ɗin nan, in ba haka ba ba za ku gane abin da Malama ta gani a jikinsa ba.

A gidan Malama da Kyaftin ba a cewa "yi haƙuri". Ku kira shi girman kai in kun so, su dai tun suna sabon aure suka samo wa kansu hanya. Kullum a hannu take miƙa masa shayinsa in zai fita. In sun yi faɗa kuwa ba ta miƙawa. Sai ta bari zuciyarta ta sauka, ta cika filas, ta ɓoye shi inda zai ci karo da shi: ƙarƙashin kujerar mota, cikin takalmin ruwa, sau ɗaya ma cikin kwandon wanki. Shi kuma ya shanye tas, ya dawo gida ya dire filas a kicin ya ce, "Sukari ya yi kaɗan." Ta ce, "Ka sayo naka." Faɗa ya mutu ke nan, ba a sake tada shi.

Ana gobe hatsarin sun yi faɗa, mai zafi kuwa. Ya yi mata alkawarin zuwa taron da makarantarsu ta shirya mata na ajiye aiki, sai ga waya cewa asibitin da ke hayin kogi magani ya yanke musu, gada kuma ta karye. Ya ce zai kai. Ita kuwa baki ya kufce mata, a gaban Goggo, babbar yayarsa, ta ce, "Ni da jirgin nan sai ɗaya ya ga bayan ɗaya!"

Da safe ya fita bai ce mata uffan ba. Bai daɗe da fita ba ta huce, don ita fushinta ba ya kwana biyu. Ta cika filas ta hau tasi ta bi shi fili. Ta tarar da jirgin a bakin rumfa, ƙofa a buɗe, shi yana ofis yana duba yanayin sama. Ta tura filas ɗin ƙarƙashin kujerarsa kamar yadda take yi a mota, ta juya tana dariya ita kaɗai. Tana zaune a taron makaranta aka kira ta.

Duk makonnin nan ta ɗauka filas ɗin ya ɓata a ramin. Abin da ke cin ta a rai shi ne ya faɗi bai san ta huce ba.

Ta zauna a kan tsohuwar tayar nan da Auta ya tashi daga kai.

"Me ya kawo wannan durowarka?"

"Yaya, ki bar maganar nan."

"Me ya lotsa shi haka?"

"Don Allah..."

"Ba ihu zan yi ba, ba suma zan yi ba. Yi mini bayani kamar yadda za ka yi wa ɗan aji ɗaya."

Ya durƙusa a gabanta.

"Kin san ƙarafan nan biyu da matuƙi ke takawa, feda. Da su yake juya wutsiya. Ƙaramin jirgi irin namu in aka ba shi wuta, hagu yake ja, halinsa ne. Sai an danne fedar dama a miƙar da shi."

"Ina ji."

"Kyaftin ya gwada su a nan bakin rumfa, suna tafiya lafiya. Da ya kai ƙarshen fili ya taka birki zai juya, sai filas ya gangaro gaba ya shige bayan ta dama. Ƙarar inji ba ta bari ya ji ba. Ya ba shi wuta, jirgi ya fara jan hagu, ya danna..." Ya nuna lotsawar da yatsa. "Wannan ƙarfin ƙafarsa ne. Ƙafar da ya ce ta mutu."

Malama ta shafa wurin da tafin hannunta.

"Ya janye wuta, amma kin san faɗin titinmu. Kafin ya tsaya rami ya riga shi."

"Kai ka gano?"

"Shi ya gano. Ni na fara isa wurinsa. Ga jini a goshi, ga ƙafa a karye, ga mai na zuba, amma bai ce mini fitar da ni ba. Cewa ya yi, Auta, miƙa hannu bayan fedar dama. Na zaro. Ya ce sa a rigarka, in yayarka ta ji ban yafe maka ba."

"Murfin fa?"

"Na nema ban gani ba. Ina jin yana cikin ramin."

"Saboda me, Auta? Ni yarinya ce da za ku haɗa baki ku ɓoye mini?"

"Yaya, Goggo ta ji abin da kika faɗa ranar. Tun a asibiti take maimaita shi ga duk wanda ya zo dubiya, tana cewa bakinki ne ya kama shi. Yanzu a ce mata ba baki kaɗai ba ne? Mace ta yi wa mijinta wannan furuci, washegari ta shiga jirginsa ba wanda ya sani, jirgin ya faɗi. Ni na san ki. Su fa? Hukuma fa?"

Wani jirgin koyo ya wuce ta saman rumfar, kwanon rufi ya ɗan yi rawa.

"Kai fa da ka ɗauke abu daga wurin hatsari?"

"Laifi ne. Takardar aikina ma za ta iya tafiya."

"Ka sani ka ɗauka?"

"Ke kika goye ni."

Nan hawaye suka so su ci ƙarfinta, ta mayar da su. Ta naɗe filas ɗin cikin tsumman ta sa a jaka ta miƙe. Bai hana ta ba. Sai da ta kai bakin rumfa ya yi magana.

"Yaya, kar ki duba ni. Ni dai na gaji da buɗe durowar nan ina ganin sa."

"Ka ci abincin da hannu," ta ce. "Babu cokali."

*

Ta samu Kyaftin a falo, a doguwar kujerar da ke jikin taga. Ya yi aski, ya sa farar rigarsa mai guga, ƙafar da ke cikin ɗaurin asibiti na miƙe a kan ƙaramin tebur, sandunansa a jingine da bango. Ya shirya tsaf kamar mai zuwa ɗaukar hoto.

"Malama, ina kika shiga? Har na fara tunanin kin gudu kin bar gurgu."

Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe jaka ta warware tsumman, ta ajiye filas ɗin kusa da ƙafarsa.

Ya daɗe yana kallon sa.

"Auta ba shi da ciki."

"Bai faɗa ba. Ni na buɗe."

"To kin gani. Mayar da shi jaka, matar nan na hanya."

"Me za ka ce mata?"

"Abin da na ce tun farko."

"Ƙarya."

"Malama, zauna."

Ta zauna a bakin kujerar, jakar a cinyarta.

"Laifina ne," ya ce, da muryar nan tasa ta lallashin fasinja. "Matuƙi shi ke duba ƙarƙashin kujerarsa. Na duba da safe, na shiga ofis na fito ban sake dubawa ba. Ɗalibina ya yi haka sai na sauke shi daga jirgi. Ke ba aikinki ba ne ki san filas na iya kayar da jirgi."

"To ka faɗa mata haka mana."

"In na faɗa, tambayarta ta gaba ita ce wa ya sa."

"In ka faɗi gaskiya me za su yi maka?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Dakatarwa. Sabuwar jarrabawa. Yaran da na koya wa tuƙi su zauna suna yi mini tambayoyi. Ba ya kisa."

"In ka ce ƙafa fa?"

Ya juya yana kallon taga.

"Na yi tashi ya ishe ni," ya ce. "Tsufa ya zo. Ba ke ce kullum kike cewa in zauna a gida ba? To ga ni, kin samu."

"Kar ka raina mini hankali, Kyaftin. Jiya kana gyangyaɗi a kujerar nan, hannunka na motsi a kan bargo kana tuƙi. Har da ɗan murmushinka."

"Mafarki ne."

"To shi nake nufi. So kake in zauna ina kallonka kana tuƙa bargo har ƙarshen rayuwarka, ina sane ni na jawo?"

"Da ba ki sani ba."

"Yanzu na sani."

"Kin san Goggo. Ba za ta bar ki ba. Za ta kai maganar nan duk inda take da dangi, har yaranmu sai ta kira ɗaya bayan ɗaya. Hukuma kuma ba ta san shayin sulhu ba. Abin da za su rubuta shi ne wata ta shiga jirgi ba izini ta ajiye ƙarfe. Zan iya zama ba jirgi, Malama. Ba zan iya zama ina ji ana nuna ki da baki a layi ba."

Ta sunkuyar da kai tana murza hannun jakarta. Gaskiya ya faɗa, kuma tsoro ya kama ta, ba za ta ɓoye wa kanta ba. Ta hango fuskar Goggo. Ta hango maƙwabta suna yin shiru in ta doso.

"Duk makonnin nan," ta ce a hankali, "abin da ke hana ni sakewa shi ne ka faɗi kana zaton ina fushi da kai."

Ya yi 'yar dariya.

"In gaya miki wani abu, kar ki ce na zautu? Da jirgin ya tsaya a ramin, na leƙa ƙasa na hango jan zaren nan a bayan feda. Kin san abin da na fara ji? Daɗi. Wallahi daɗi na ji. Ƙafa a karye, mai na zuba a kaina, na ce ashe ta huce."

A nan kam ta kasa. Ta rufe fuska da mayafi ta yi kukanta, marar sauti, shi kuma ya miƙa hannu ya riƙe gefen mayafin don nan kaɗai hannunsa ke kaiwa. Ni ma da nake rubutawa sai da na ajiye waya na sha ruwa.

"Yi mini alkawari," ya ce. "Ki shiga ɗaki har ta tafi."

Ta share fuska, ta ɗauki filas ɗin ta miƙe.

"Malama. Alkawari na ce."

"Baƙuwa za ta zo gidana, ba zan dafa mata ko ruwan zafi ba?"

Ta shige kicin. Ta wanke filas ɗin ciki da waje, ta ɗora ruwa a wuta. Tana tsaye tana jiran ya tafasa ta ji tsayuwar mota a ƙofar gida.

Jami'ar binciken ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsu ba. Siririya ce mai tabarau, ga ladabi, sai da ta cire takalmi a bakin ƙofa ta gaishe shi da jiki kafin ta zauna. Daga kicin Malama na jin komai. Ta ji ta ajiye 'yar na'urar ɗaukar magana a kan tebur, ta ce masa ya yi a hankali, ba sauri take ba.

"Na gwada komai a bakin rumfa," in ji Kyaftin. "Na gangara ƙarshen fili, na juya, na ba shi wuta. Ya fara jan hagu kamar yadda ya saba. Na zo danna ƙafar dama..."

"Sannu da zuwa, 'yata."

Malama ce, da tire a hannu. Kofuna uku, da shuɗin filas a tsakiya, lotsattsen gefen na kallon baƙuwa.

Kyaftin ya zuba mata ido. Ba ta kalle shi ba. Ta ajiye tiren kusa da na'urar, ta zare toshi, ta zuba wa baƙuwa, ta zuba masa. Ta miƙa masa kofinsa.

Ya karɓa. Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Sannan ya ɗago ya dube ta, idonsa ya yi ja.

"Sukari ya yi kaɗan."

Ta gane. Cewa yake ya wuce, na yafe, kar a sake tada shi, kamar yadda suka saba.

"Ka sayo naka," ta ce. Ta ja kujera ta zauna tana fuskantar baƙuwar. "'Yata, ƙafar mijina lafiyarta ƙalau. Ban da karayar nan babu abin da ya taɓa samun ta."

"Malama!"

Jami'ar ba ta taɓa shayinta ba. Tun da aka ajiye tiren idonta na kan filas. Ta gyara tabarau, ta jawo jakarta ta buɗe, ta fito da wata farar leda mai rubutu a jiki ta ajiye a gefen tiren.

A cikin ledar murfin filas ne. Shuɗi.

"A cikin jirgin muka same shi, ya shige ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa ta wajen feda," ta ce a natse. "Na tambayi duk wanda ke aiki a filin, ba wanda ya san mai shi. Kyaftin, na taho yau ina fatan ba za ka ce mini ƙafa ba. Da ka faɗa, dole in rubuta."

Kyaftin ya ajiye kofinsa.

"Ba a nan maganar za ta tsaya ba," in ji jami'ar. "Akwai wanda ya ɗauke shi daga wurin hatsarin, za mu zo kansa. Amma tambayata ta farko ɗaya ce. Wa ya sa filas ɗin nan a jirgi?"

Malama ta buɗe baki ke nan aka turo ƙofar falo.

"Salamu alaikum! Motar wa nake gani a waje? Au, masu binciken ne? Madalla, na zo a daidai, ni ma ina da abin faɗa."

Goggo ce. Kullum da la'asar take zuwa duba ƙanenta, yau duk sun manta. Ta tsaya a bakin ƙofa da ledar lemo a hannu, idonta ya sauka kan filas, ya koma kan murfin da ke cikin leda, ya dawo kan Malama.

"Malama," Kyaftin ya ce ƙasa-ƙasa. "Don girman Allah. Ba a gabanta ba."

Malama ta dubi ƙafarsa da ke miƙe a kan tebur, ta dubi hannunsa da ke kan bargo. Ta jawo kujerar da ke gefenta ta karkaɗe ta da gefen mayafi.

"Wa alaikumus salam. Shigo, Goggo, zauna nan kusa da ni. Gara ki ji daga bakina."

Ta juya ga jami'ar, ta nuna na'urar da ke kan tebur.

"Matso mini da abin nan, 'yata."